Ranar da Ɗanbaba Ya Yi wa Tanki Magani

A Shiyar Masaƙa ta garin Bakura akwai wani mutum ana ce masa Ɗanbaba. Dillalin awaki ne, amma in ka kira shi da wannan sana'a ba zai waiwayo ba, sai ka ce Injiniya. Asalin injiniyancin kuwa, tun yana saurayi ya taɓa yin wata uku yana riƙe wa wani mai awon ƙasa sanda a bakin hanyoyin ruwan noman rani da ke gangarowa daga madatsar ruwa ta Bakolori. Sandar dai ya riƙe, bai taɓa leƙa na'urar ba ko sau ɗaya. Duk da haka shekara ashirin ke nan ba a yi maganar ruwa a gabansa ya yi shiru ba, ko da na alwala ne.

Shekara huɗu da suka wuce mutanen shiyar suka haɗa kai aka haƙa musu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Aka ɗora baƙin tanki bisa ƙarafa a jikin katangar gidan Ɗanbaba, aka jera famfo shida a ƙasa, masu hali suka ja bututu har cikin gidajensu. Ruwan garau yake a ido, sai dai zartsi ne. Ka yi sati biyu kana tafasa shi a buta, sai farin ɓawo ya manne a gindinta kamar ƙanzo. Hitar dafa ruwa ta yi ta ɗaukar ɓawon nan har ta ƙone. Kan shawa ya toshe, dutsen guga mai tururi ya koma tari, sabulu ya ƙi kumfa, wake kuwa sai ya cinye itacen yini bai nuna ba.

Ɗan ɗakin da ake kunna injin da buɗe ruwa, inda kuma ake ajiye tsanin hawa tankin, makullinsa ɗaya ne, yana hannun Malam Jibrin, dattijon da ke ba da karatu a zauren shiyar. Gwiwa ta fara damun Malam, ya ce nan da Juma'a biyu zai miƙa makullin ga wanda jama'a suka yarda da shi. Mai makullin nan kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ake fara gaidawa da safe, shi ake bi ana cewa a taimaka a buɗe da wuri. Ɗanbaba ya ɗora ransa a kan makullin nan har abinci ya daina yi masa daɗi.

"Ku shaida," ya ce a teburin Abdulbasit mai shayi, yana buga tebur da yatsa. "Makullin ga gidana za shi zauna. Shekara huɗu ruwan ga na cin kayan mutane, ni za ni yi maganinai."

"Da mi?" in ji Lukman tela, wanda shagonsa ke kallon teburin.

"Da ilimi, Lukman. Abin da ba a ɗinkawa da keke."

Gaskiyar magana, a ranar bai san da me ba. Kashegari da hantsi ne, yana zaune a tsakar gida, ya ga matarsa Zuwaira ta gutsuri wani abu ta jefa a tukunyar wake.

"Mi kis sa ma waken ga?"

"Kanwa mana. Ruwan ga ba ya dahwa wake sai da ita."

Ɗanbaba ya miƙe tsaye a hankali. Idonsa ya faɗa kan butar lantarkin Zuwaira, ya ɗauka ya leƙa. Cikinta ƙal, har ya ga fuskarsa. A iya saninsa, duk shiyar babu butar da ba ta yi ɓawo ba sai wannan, kuma ga kanwa a kicin ɗin da butar take. Shi ke nan, bincike ya ƙare.

"Abin da yat tausasa wake, yat tausasa ƙahwar saniya, ɓawon buta za shi gagare shi?"

"Baban Safa, ai ba kanwa ta..."

"Dakata nan. Ke kin san girki, ni na san ruwa. Kowa shi tsaya ga nashi."

Zuwaira ta dube shi, ta dubi tukunyarta, ta ci gaba da iza wuta. Shekara goma sha shida da aure sun koya mata cewa in ya fara wannan muryar, ko liman ba ya tare shi.

Da safe ya isa teburin shayi da butar a hammata. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana sa su leƙa, kowa ya leƙa ya jinjina kai, don abin da ido ya gani ba a musunsa. Abdulbasit, wanda babbar butarsa ta yi ɓawon da har nauyi ta ƙara, ya sauke ta daga kan gawayi ya miƙa. Ɗanbaba ya naɗe hannun riga, ya zuba kanwa cike da tafi, ya tafasa, ya zubar. Da Abdulbasit ya kawo ruwan ɗauraya sai ya ture masa hannu.

"Ka wanke maganin kuma? A'a. Ƙaro ma wani dunƙule, na rigakahi."

Aka dafa shayi a haka. Ya fito baƙi wuluk, aka zuba madara ya koma kalar ruwan kwata. Lukman ne ya fara kurɓa. Ya riƙe shi a baki, idanunsa suka kawo ruwa, ya juya ya fesar a kan tayar babur ɗin wani.

"Wanga shayi na ko ruwan wankin kai?"

"Dauɗar shekara huɗu ta, tana hita," in ji Ɗanbaba. "Wanda yaj jure kohi ukku, cikinai ma sai shi wanku."

Ba wanda ya nemi wankin ciki. Mutane suka ajiye kofuna suka watse da burodinsu a hannu. Abdulbasit ya karkata butar ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.

"Injiniya, da hwari ɗai nika gani ciki. Yanzu ga hwari ga baƙi."

"Ci gaba ke nan. Launi ya hwara motsi."

Za ka ce Lukman da ya ɗanɗana shayin nan zai yi hankali. Bai yi ba. Kwana biyu bayan haka aka kawo wuta da rana, yana da farar shadda ta wani ango daga Damri da za a zo karɓa da la'asar, dutsen gugarsa kuwa ƙofofin tururinsa duk sun toshe. Ɗanbaba ya leƙo shagon ya same shi yana tsokalar su da allura.

"Kawo nan."

"Aradu ba ni ba ka. Har yanzu halshena bai dawo daidai ba."

"To dutsen guga yana da halshe? Shayi sha akai, shi yas sa kaj ji ɗaci. Wanga ƙarhe na. Mi za shi ji?"

Lukman ya juya maganar a ransa ya rasa inda za ta ɓalle, ga rana tana tafiya. Ya miƙa. Ɗanbaba ya dama kanwa a kofi, ya ɗura har da yashin da ya kwanta a ƙasa, ya girgiza dutsen kusa da kunnensa, ya jona. Dutsen ya yi zafi, ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Lukman ya shimfiɗa rigar, ya ɗora a ƙirji daidai kan aikin zare, ya danna. Sai ji ka yi fuuut! Wani ruwa kalar miyar kuka ya fesu daga wuya har aljihu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Alhamdu lillahi za ka ce! Ba ka ga ƙohohin sun buɗe ba?"

"Rigar ango, Ɗanbaba! Gobe ɗaurin aure!"

"Ka ce mai sabon yayi na, yanzu anka kawo shi daga birni."

Lukman ya rarumi doguwar rular katako. Ɗanbaba ya tuna yana da akuyar da zai duba a bayan gari, ya fita ba sallama, takalminsa ɗaya ya biyo shi ta iska.

Wani mutum da a nan zai tsaya. Ɗanbaba kuwa zama ya yi ya gano laifin: kanwar Bakura ce ba ta da ƙarfi. Ranar Talata ya hau babur ya tafi kasuwar Talata Mafara, ya wuce masu sayar da ta miya, ya nufi rumfar masu jar kanwa irin wadda ake ba shanu, ya ɗauro buhu guda. Tun daga bakin gari awaki suka shinshino ta suka biyo babur ɗin a guje har ƙofar gida. Ya ce wa masu kallo dabba ta san dillalinta.

A cikin kwana biyu ya yi wa shiyar aiki. Kan shawar gidan mai unguwa, wanda da yake ɗigo, ya daina ɗigon gaba ɗaya. Hitar wani malamin makaranta ta yi ƙara ta ɗauke wutar layin. Tukwanen alminiyon wata mai abinci suka yi baƙi ciki da waje. Kowane ɗaya Ɗanbaba yana da bayaninsa, kuma kowane bayani ya fi na baya tsawo. Mutane suka fara ɓoye butocinsu in sun ji muryarsa a zaure.

Saura kwana biyu Juma'a ya yi sallama gidan Hajiya Taiba, tsohuwar da ɗanta mai aiki a Maradun ya kawo wa injin wanki. Injin nan shi kaɗai ne a shiyar, Ɗanbaba ya san in ya gyara shi magana ta ƙare. Suka gaisa, ya tambayi jiki, ya tambayi ƙafa, ya tambayi mutanen Maradun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya jawo ƙullin kanwa daga aljihu.

"Inna, na ji injinki ya yi hwari ciki."

"Ya yi."

"Shi na niz zo in duba."

"Duba shi daga nan. Idonka lahiya lau yake."

"Inna, aikin ga sai da hannu."

"Hannun da yat taɓa rigar Lukman? Ɗanbaba, ranar da anka haihe ka ina cikin ɗakin. Ba ka zo da ko sukundireba ba. Ni wanda yag gyara butar gidanku nika so."

"To ai ni na!"

"Tahi gida ka tambaya."

Ya koma gida a lokacin da bai saba komawa ba, ana gab da la'asar, ya tarar da butoci biyar na matan maƙwabta jere a gindin katanga. Kowace cike take da wani jan ruwa mai kauri, farin ɓawo yana tasowa sama ɓalli-ɓalli. Zuwaira ta ɗauki ɗaya ta zubar, ta goga soso sau biyu, cikin butar ya haska.

"Mi na na wanga?"

"Tsamiya ta. Wadda nij jiƙa ta kunu, in ta rage nika zuba ma buta tun sahe, in wanke da la'asar. Duk sati haka nikai. Ran nan ma shi nis so in hwaɗa maka."

Gumi ya karyo wa Ɗanbaba. Kunya ta kama shi sosai. Amma ba ta daɗe ba, don bai saba ba ta wurin zama ba.

"Na sani. Gwada ki nikai." Ya yi taku uku ya dawo. "To ga inda ilimi yah hi girki. Ke buta kika wankewa, ni tushen za ni kashewa. Kanwa ta tausasa, tsamiya ta kankare. In haɗa su biyu cikin tanki, ruwan shi hito da maganinai."

Zuwaira ta ajiye soso. "Baban Safa, don Allah. Ka taɓa ganin an haɗa kunun kanwa da na tsamiya ƙwarya guda? Kumhwa sukai, su tashi."

"Kumhwa ai ita ta aiki. Ba kumhwar munka rasa shekara huɗu ba?"

Ya kwashe buhun tsamiyar da ta tanada na shekara, ya jiƙa a randa biyu. Ta yi magana, ta sake yi, daga baya ta kwashe shanyarta daga jikin katangar da ke kusa da tanki, ta mayar can ƙarshen gida.

Ranar Juma'a da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a inuwar tankin. Mai unguwa ya zo da wankakkiyar riga, dattawa suka zauna, mata suka tsaya daga nesa da bokitansu suna jiran ruwan wankan Juma'a. Kafin a buɗe taro Ɗanbaba ya durƙusa gaban Malam Jibrin ya roƙi aron makullin na awa ɗaya, ya ce in jama'a ba su ga abin mamaki ba ya janye da kansa. Malam Jibrin mutum ne mai ganin kowa a bar shi ya kai ƙarshen karatunsa kafin a gyara masa. Ya kwance makullin daga carbinsa.

"Ka dai tuna yau Juma'a ta. Mutane na son ruwa."

"Allah shi gahwarta Malam, yau za su ga ruwan da ba su taɓa gani ba."

A wannan kam bai yi ƙarya ba.

Ya kashe injin, ya buɗe famfo shida ya bar ruwa yana kwarara a kwata. Mata suka yo kansa da bokitai, ya tare su, wai tsohon ruwa ne, mai cuta. Sai da tankin ya rage kaɗan a ƙasa, don magani ya yi ƙarfi, sannan ya rufe. Ya jingina tsani ya hau. Ya ja rabin buhun dakakkiyar kanwa da igiya ya zazzage, ya ja jarka uku ta ruwan tsamiya mai kauri ya tuttule. Ya cusa tsumma a bututun da ruwa ke fita in tanki ya cika, kada ƙarfin maganin ya gudu ta nan. Ya murɗa murfi tam, ya hau kansa ya zauna, ya harɗe ƙafa, ya gyara hula.

"Jama'ar Shiyar Masaƙa! Lokacin da muna aikin Bakolori, ni da manyan injiniyoyi..."

Tankin ya yi wani gurnani daga ciki.

"Injiniya," in ji Lukman daga ƙasa, "tankinka na gunaguni."

"Magani na yaka aiki. Kamar yadda nika cewa, sun sha ce min, Ɗanbaba, in ba kai..."

Gurnanin ya ƙaru. Cikin tankin ya fara kumbura, ƙarafan suka ɗan yi ƙara. Dattawa biyu suka ja tabarmarsu baya.

"Abdulbasit! Ɗauki kohi, buɗe hwamhon hwarko, a ba mai unguwa shi ɗanɗana!"

Abdulbasit ya tara kofi ya murɗa. Famfon ya yi huci, ya yi atishawa, sannan ya harbo wata jar kumfa da ta fizge kofin daga hannunsa ta wuce ta sami mai unguwa a ƙirji. Kafin a gama salati sai aka ji bam! daga sama. Murfin ya tashi da Ɗanbaba a kansa, ya ajiye shi gefe, ya yi nasa wuri. Hularsa ta faɗa gidan maƙwabta. Kumfa ta yi tsiri sama ta dawo, ta lulluɓe shi, ta gangaro ta kowane gefen tanki a kan dattawa. Wanda ke da ciwon gwiwa ya manta da shi. Rawuna suka warware, takalma suka cakuɗe, mata suka kifa bokitai a ka suna dariya har da zama a ƙasa.

"Kada kowa shi tsorata!" Ɗanbaba yake ihu, ya rungume wuyan tanki, ba a ganin komai nasa sai ido. "Dauɗar ta ka hita!"

Sai ga awaki. Duk akuyar da ke Shiyar Masaƙa ta shinshino kanwa, har da na shiyar gaba. Suka shigo ta kowane lungu, suna lasar ƙasa, suna lasar tabarmi, suna lasar rigunan dattawa da ƙafafunsu. Wani ƙaton rago ya tsinke igiyarsa ya zo a guje, ya ga kumfa na bin tsani, ya sa kai ya tura. Tsanin ya yi tangaɗi ya kwanta a kwata.

"Lukman! Tada tsanin ga!"

"Ni tela na, Injiniya. Ban da ilimi."

"Abdulbasit, ɗan'uwa!"

"Bari launi shi gama motsi tukuna."

Da ƙyar aka kore dabbobin. Rana ta fara busar da Ɗanbaba a can sama, ya yi fari fat tun daga gashi har yatsun ƙafa, ya zama shi ne babban ɓawon shiyar. Malam Jibrin ya matse gemunsa, ya share fuska da bakin rawani, bai ɗaga murya ba.

"Ɗanbaba, awarka ta cika. Butar da ka yi ta nuna muna, wa yaw wanke ta?"

Ɗanbaba ya dubi sama, ya dubi gabas. Hajiya Taiba ce ta ratso mutane da sandarta, da wata buta a hannu tana walƙiya, ta ajiye gaban Malam.

"Zuwaira ta, da ruwan tsamiya. Jiya ma ita tag gyara min injin wanki. Matan shiyar ga duk mun sani. Mazan na ba su tambaya ba."

Malam Jibrin ya sa aka tambayi Zuwaira ta bayan katanga ko ruwan kansa yana da magani. Ta amsa daga ciki cewa ita ba ta sani ba, ruwan ƙasa yadda Allah ya yi shi haka yake, abin da ta sani shi ne a riƙa jiƙa buta da hita da kan shawa duk sati, dutsen guga kuwa a tara masa ruwan sama. Malam ya juya wurin mai unguwa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Mai unguwa, wanda har yanzu kumfa ke ɗiga daga haɓarsa, ya gyaɗa kai da ƙarfi.

"Jeho makullin," in ji Malam Jibrin.

"Malam, a bari in sauko mu yi magana ta hankali."

"Jeho shi."

Ɗanbaba ya laluba aljihu. Ya daɗe yana riƙe da makullin a tafinsa, sannan ya saki. Ya faɗi a laka, Malam ya ɗauka ya goge, ya miƙa wa Hajiya Taiba.

"Inna, kai ma Zuwaira. Tanki jikin gidanta yake, ta buɗe da sahe, ta ruhe da marece. Sharaɗi guda: kada hannun mai gidanta shi taɓa shi."

Daga inda yake a sama Ɗanbaba yana ganin tsakar gidansa sarai. Ya ga Hajiya ta shiga, ya ga Zuwaira ta karɓa da hannu biyu, ta ƙulle makullin a bakin zanenta. Ba ta ɗaga kai ta dube shi ba, kuma wannan ya fi masa zafi fiye da kanwar da ke cin idonsa.

Maimakon tsani, bokiti da soso aka ɗaura masa a igiya, aka ce tunda yana kusa ya shiga ya fara. Ranar nan mutanen shiyar tsohuwar rijiyar fadama suka je ɗibar ruwan wanka, kowa ya wuce ƙarƙashin tankin sai ya ɗaga kai ya yi wa Injiniya sannu da aiki. Sai da aka kusa kiran salla Malam ya ce a jingina masa tsani. Kwana biyu ya yi yana wankin tanki kafin ruwa ya daina ɗanɗanon kunu, awaki kuwa sun fi sati suna binsa duk inda ya nufa.

Ran Litinin da safe ya dawo teburin shayi, ya zauna can gefen benci. Ya sha rabin kofi, shiru ya gagare shi.

"Amma dai ku yi adalci," ya ce. "Ban ce muku makullin ga gidana za shi zauna ba?"

"Ka hwaɗi," in ji Lukman. "Mun shaida."

Abdulbasit ya girgiza jarkarsa, babu ko ɗigo. Ya ɗauki babbar butar nan mai fari da baƙi ya ɗora wa Ɗanbaba a cinya.

"Tunda kana da hanya, Injiniya, tashi ka roƙa muna Zuwaira ta buɗe da wuri. Ka tahi mata da wagga ta jiƙa. Ka riƙe ta hannu kawai, kada ka sa mata komi."

Ɗanbaba ya miƙe. Ya ɗauki butar ya nufi gida, akuya biyu suna biye da shi. A bakin ƙofarsa ya tsaya, ya gyara murya, ya yi sallama.